Okestra a Abuja: kiɗa dai ya yi, amma ƙofar nan ta ɓata min rai

Wani abokin aikina ɗan Jos ne ya matsa min sai mun je, shi tun yana yaro yake waƙa a kwaya ta coci, ya san kan abin. Ni ban taɓa ganin okestra, wato babbar tawagar makaɗa irin ta Turawa, ido da ido ba sai a YouTube, kuɗin tikiti kuwa kun san shi ba sai na faɗa ba, har yau in na tuna alat ɗin sai gabana ya faɗi. Abin da ya ja ni shi ne na ga a jerin kiɗan akwai African Suite na Fela Sowande, mutumin Abeokuta ɗin nan da ya rasu a 1987, wanda ya ɗebo waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara su don gogen Turawa. Na ce to, in madugun makaɗan, wato mai jan su da sanda, da ake ta zuzutawa ya taso tun daga Turai zai ja kiɗan ɗan ƙasarmu, ai ya isa a je a gani.

A tikiti an rubuta 6:30. Dan Allah wa ke sa taro 6:30 a Abuja, daidai magariba? Mun baro Kubwa da wuri, mun samu kujerunmu, na ce wa mutumina riƙe min wuri in yi salla. Babu wurin salla a ginin, a gefen fakin muka shimfiɗa kwali ni da direbobi da wani mai gadi. Ko minti goma ban yi ba. Ina dawowa na tarar an rufe ƙofa, wani yaro cikin baƙar kwat ya tsaya a baki.

"Yallaɓai, sai an gama wannan kiɗan."

"Haba ɗan'uwa, salla na je yi fa, ga tikitina, wayata ma tana kan kujera."

"Ka yi haƙuri yallaɓai, doka ce, in madugu ya ɗaga sanda ko waye ba ya shiga."

To, doka doka ce, na yarda, ashe haka ake yi ko'ina don kar motsi ya raba hankalin makaɗa. Amma mu fiye da goma muke tsaye a wurin, kusan kowa da danshin alwala a hannun riga, kuma kun san da wane kiɗa aka buɗe? Na Sowande. Abin da na biya kuɗi dominsa. Kashi biyar ne, duka ta bayan katako na ji su kamar rediyon maƙwabci, har na ƙarshen mai salon hailaif wanda mutumina ya yi ta ba ni labarinsa a mota. Abin da ya fi ƙona min rai, muna nan tsaye wani babban mutum ya iso da 'yan rakiya uku, aka zaga da shi ta ƙofar gefe salin alin. Yaron ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ashe "ko waye" ɗin ma yana da iyaka.

Na shiga ina huci, niyyata in zauna kaɗan in tafi. Sai aka zo kan Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, babban kiɗansa na biyar, wanda ko ba ka san sunansa ba ka taɓa jin farkonsa, ta-ta-ta-taaa. Madugun dattijo ne gajere, kansa fari fat, sandarsa ba ta fi tsinken tsire ba. Mu mun saba sarkin kiɗa ya fuskance ka ya yi maka kirari ka yi liƙi, shi wannan baya ya juya mana, bai ce uffan ba. Yana sauke hannu mutum wajen sittin suka faɗo a tare kamar da igiya ɗaya aka ɗaure su, ba lasifika ko ɗaya amma a ƙirjina na ji. Can tsakiya sai ya tsayar da kowa da tafin hannu, wata 'yar algaitar Turawa ta yi kuka ita kaɗai, shi kuwa ya sauke sanda yana saurarenta kamar mu.

Da aka kai ƙarshen kashin farko na zuba tafi, ni kaɗai, wata mata ta waigo ta harare ni. Mutumina ya raɗa min wai kashi huɗu ne, sai an gama duka. Ai da sun rubuta a tikiti.

Inda na sallama shi ne tsakanin kashi na uku da na huɗu, nan ba a tsayawa. Kiɗan ya yi ƙasa ya yi ƙasa har ina jin ƙarar AC, mai tambari yana taɓawa a hankali kamar bugun zuciya, dattijon ya duƙa kamar mai lallaɓa kaza, sai kawai ya miƙe, kakaki da ƙahoni suka ɓarke. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wai lokacin da Beethoven ya rubuta wannan ya riga ya fara kurumcewa. Mutumina ya ce ranar da aka fara kaɗa shi a birnin Biyana na Ostiriya, cikin Disamba 1808, awa huɗu mutane suka yi a zaure mai sanyi, na ce to masu AC ɗin nan ma sun riƙe al'ada, hannuna cikin aljihu na ƙarasa.

A lokacin da an tambaye ni sai in ce kuɗina ya halatta. Sau uku dattijon yana fita yana dawowa saboda tafi, har da ni a tsaye. Amma muna fitowa na hango babban mutumin nan, wanda rabin Beethoven yana latsa waya, ana ɗaukarsa hoto, sai abin ya dawo min sabo. Rabin sa'a kawai za su ƙara su sa ƙarfe bakwai, ko su fara da wani kiɗan. Madugu da makaɗa ba ni da ta cewa a kansu. Masu shirya taron kuwa suna riƙe da Sowande ɗina, na tura musu saƙo tun daren, yau kwana huɗu shiru.