Littafi ko waya: da wanne za a riƙa rubuta jinyar tsofaffi?

Hajiya, kin ce tsofaffi tara kuke kula da su a gida ɗaya nan Kaduna, kuma ɗanki ya ba ki shawarar ku ajiye babban littafin da masu jinya ke rubutu a ciki ku koma manhajar waya. Na yi aiki da duka biyun, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Littafi ba ruwansa da ɗauke wuta, caji ko data. Mai bango mai tauri kina samunsa a kasuwar Sheikh Gumi, kuma duk wadda ta iya riƙe biro za ta iya aiki da shi. Aibinsa rubutun hannu: 1 da 7 sukan yi kama, a wajen magani kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana kuma iya barin gurbi a zo a cike daga baya, ba wanda zai gane. Sannan idan littafi ɗaya ne na kowa da kowa, ranar da za a kai wani Baba asibitin Barau Dikko, ko dai a kwashi sirrin mutum tara a tafi da shi, ko a je gaban likita hannu rabbana. Maganin wannan kowane tsoho a buɗe masa nasa fayil.

Waya ta fi shi a abu uku. Tana sa lokaci da kanta, tana tunatar da mai jinya cewa awa biyu ta cika, a juya wanda ba ya iya motsi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, kuma awon hawan jini na wata uku yana fitowa a gani ɗaya. Hoton gyambo ma ya fi kwatance. Likita zai ga ko yana rufewa ko yana ci.

Amma a nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani. Wayar wa za a yi amfani da ita? In ta ma'aikaciya ce, ranar da ta bar aiki ko aka fizge mata ita a tasha, bayanan sun tafi. Na sha ganin an tura hoton jikin tsohuwa a WhatsApp don a nuna wa 'ya'yanta, hoton ya zauna a wayoyi biyar. Wannan tsohuwa uwar wani ce, tana da mutuncinta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majiyyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Ga kuma sauƙin danna "an ba da" ba tare da an je bakin gado ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a shekarun aikina bai shafi takarda ko waya ba. Wata Inna ce mai ciwon suga. An yi mata allurar insulin da sassafe, mai aikin dare ta ce sai ta idar da salla za ta rubuta, sai ta sha'afa. Wadda ta karɓi aiki ta duba, ta ga gurbi babu komai, ta sake yi mata. Kafin hantsi muka tarar da Inna zufa ta jiƙe mata ɗankwali, hannunta na karkarwa, tana kiran sunan mijinta da ya rasu. Awon suga ya faɗi ƙasa da 70, wato sugan jininta ya yi ƙasa sosai. Da yake tana iya haɗiya, ruwan sukari muka ba ta a cokali, Allah ya kiyaye. Tun ranar ba na yarda kowa ya bar bakin gado bai rubuta ba.

Don haka a gida mai mutum tara, ni dai takarda zan bar wa magani, juyi, abinci da fitsari da bahaya, a rataye a jikin gadon kowa, da biro a ɗaure da zare. Kowane layi ya ɗauki kwanan wata, lokaci, adadi da sa hannu. Idan Baba ya ƙi shan magani, a rubuta ya ƙi, kada a bar wajen fili. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a sa hannu. Ban da gogewa, ban da shafa farin ruwan goge rubutu. Waya kuma ki sayi ɗaya ta gidan, mai lambar sirri, wadda ba ta fita ƙofa, don hoton gyambo da ɗaukar hoton shafuka duk ranar Juma'a saboda gobara ko ruwan damina.

Lokacin sauya aiki, mai tafiya da mai karɓa su zaga gado-gado tare, takarda a hannu, kafin mai tafiya ta ɗauki jakarta. Allah ya ba da lada, Hajiya.