Ciwon bayan tsofaffi: abin da Ingila ke bayarwa da abin da kafinta a Bauchi zai iya yi

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na Bauchi. Saƙon da ya fi zuwa wa masu aikin jinya da gashin ƙashi a nan Ingila daga gida guda ne: baya ya hana Baba ko Hajiya sakat, a taimaka a aiko da maganin Turai. To ga yadda lamarin yake a nan, domin a san abin da ya cancanci kuɗin awo a jirgi da wanda bai cancanta ba.

Dattijo mai ciwon baya a nan ba ya wucewa kai tsaye wurin likitan ƙashi. Sai ya fara da likitan unguwarsu, shi ne zai tura shi gaba in ya ga dalili. Ganin likita kyauta ne a ƙarƙashin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, wanda ya kai shekara 60 kuma ba ya biyan kuɗin maganin da aka rubuta masa. Tsadar tana wajen jira. Ƙa'ida ta ce a fara yi wa mutum magani cikin mako 18 da tura shi, amma da yawa suna zarce haka. A wannan fannin gida ya fi sauri: mai kuɗin kati da na mota zai iya ganin likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na ATBU, ko ya nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano, ba tare da ya share watanni yana jiran wasiƙa ba.

Abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne rowar hoto. Tun jagoran da NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta fitar a 2016, ba a yi wa mai ciwon baya hoton ƙashi ko MRI sai in sakamakon zai canza maganin da za a yi masa. Dalili kuwa, kusan duk wanda ya manyanta in aka ɗauki hoton bayansa za a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya motse, gaɓoɓi sun goge, ko da lafiyarsa ƙalau. A gida sai iyali su haɗa kuɗi masu kauri a yi MRI, a karanta wa tsoho cewa ƙashinsa ya lalace, ya tsorata ya kwanta. Kwanciyar nan ita ke ƙarasa shi, don naman cinya da na baya suna saurin zubewa a jikin tsoho.

Batun ƙwayoyi ne ya fi buƙatar a tsaya. A kantin Ingila kwalin farasitamol ƙwaya 16 ne, kuma ba sa sayar wa mutum fiye da kwali biyu. Iri ɗaya ne da na kemis ɗin Wunti in na gaske ne, ba shi da wani ƙarin ƙarfi. Iyakarsa ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce 8 a yini da kwana, tsohon da bai kai kilo 50 ba kuma a rage masa. Shi kaɗai ba ya wani tasiri sosai ga ciwon baya. Diclofenac na haɗiya, wanda a gida yaro ma zai sayo, an daina sayar da shi a nan ba da takardar likita ba tun 2015 saboda haɗarinsa ga zuciya. Ibuprofen da naproxen ana bayarwa, amma mafi ƙarancin awo, na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, tare da omeprazole don kare ciki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da mai shan maganin tsinka jini galibi ba a ba su sam, mai hawan jini kuma sai da sa ido. Tramadol da pregabalin suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, kuma ba a son ɗora tsoho a kansu: jiri, ruɗewa, taurin bayan gida, sai faɗuwa a karya ƙugu.

Babbar ɓarnar gida ita ce haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya huɗu ko biyar babu suna. Sau da yawa a ciki akwai diclofenac da piroxicam tare, 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ninka haɗarin zubar jini a ciki ne kawai. Sannan ga dexamethasone ko prednisolone. Su ne ke sa tsohuwa ta miƙe garau kwana biyu har a ce maganin ya karɓe ta. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni har ƙashin baya ya burma da kansa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta alamar jini ne, asibiti za a tafi a ranar.

Bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar nan mai ɗan jan lantarki suna cike da shaguna a nan, amma jagoran NICE ya ce kada a ba da su don ciwon baya. Ƙwayoyin glucosamine ma haka, ba a rubuta su don amosanin gaɓɓai. Kada a wahalar da ɗan'uwa da sayensu. Man shafawa na diclofenac yana da amfani, sai dai ya fi aiki a gwiwa da yatsu, inda gaɓa ke kusa da fata.

Inda Ingila ta yi mana nisa shi ne gyaran gida. Ma'aikaci zai zo ya ga yadda dattijo ke tashi daga gado, yadda yake shiga banɗaki, ƙaramar hukuma kuma ta ba da kayan taimako da ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba kyauta. Kayan ba wasu na a zo a gani ba ne, kafinta da mai walda za su yi su. Kujera mai hannu biyu, tsayin mazauninta kamar santimita 45 zuwa 50, yadda in an zauna tafin ƙafa na ƙasa, ƙugu kuma ya ɗan fi gwiwa tudu. Kushin mai lotsawa na falo shi ne abokin gaba. Masai na tsuguno a ɗora masa kujerar ƙarfe mai rami, a kafa mariƙi a bango da kusoshi masu shiga bulo, ba filasta kaɗai ba. A ajiye benci don wanka da alwala, buta a kan tudu. Katifar da ke ƙasa a ɗaga ta kan gado. Ba sai mai tauri kamar katako ba, matsakaiciya ta fi, muddin ba ta yi kwari a tsakiya ba. Tsintsiya a sa mata doguwar ƙota. Salla a zaune kuwa malamai sun riga sun yi bayaninta.

Sanda tana da awo. Dattijo ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu. A riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo. Robar gindinta in ta cinye sai santsi a kan tayil. Ita wannan roba, da jakar ruwan zafi mai kyau, su ne abin da ya dace a aiko. Jakar a cika ta kashi biyu cikin uku da ruwan da ya huce daga tafasa, a naɗe da tawul, minti 15 zuwa 20. Mai ciwon suga a duba masa fata, don yana iya ƙonewa bai ji ba.

Likitan gashin ƙashi a nan ba tausa yake yi ba galibi, atisaye yake koyarwa ya ba ka takarda ka je gida ka yi. A kwanta rigingine a karya gwiwoyi a karkata su dama da hagu sau 10. A ɗaga ɗuwawu daga gado, a ƙirga biyar, a sauke. A tashi daga kujera a koma, sau 10. Tafiya minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a yini, da sassafe da bayan la'asar, a riƙa ƙarawa kaɗan duk mako. Wanda ƙafafunsa ke nauyi in ya yi tafiya, su saki in ya zauna ko ya sunkuya, mai yiwuwa hanyar jijiyoyi ce ta tsuke. Shi ya yanka tafiyarsa gajere-gajere da hutu, jawo gwiwa zuwa ƙirji kuma yana sassauta masa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar da aka ji sauƙi a tafi gona ko a hau daka, sai a kwanta kwana uku. Sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa yana koyar da duk waɗannan, jika ɗaya ya raka tsoho ya haddace su.

Akwai ciwon bayan da ba na tsufa ba ne. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafafu biyu su saki: wannan na gaggawa ne, awowi ake ƙirgawa, ba mai ɗori ko wanzami ba. Rama, zazzaɓi, gumin dare da ƙusumbi mai tasowa suna nuna tarin fuka na ƙashin baya, wanda ya fi yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka. Dattijo mai wahalar fitsari da ciwon da ke tashinsa cikin dare a duba masa mafitsara da prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tsohuwar da baya ya soke ta farat ɗaya bayan ɗan zamewa ko ɗaukar bokiti, wannan kam a yi mata hoton ƙashi.