Hattara da masu tallan ƙwarin fatsa "waɗanda ba sa jiƙewa"

Jama'a masu kamun kifi da ƙwaron bogi, wanda ake ɗaurawa a ƙugiya da gashin tsuntsu da zare, a yi hattara. Wasu shafuka a intanet suna tallan ƙwarin nutso, wato irin waɗanda ake yi don su nutse cikin ruwa, wai an shafa wa fukafukansu wani sinadari da aka kwaikwayo daga fiffiken mazari, ruwa ba ya kama su. Sharaɗinsu ɗaya ne: ka tura kuɗi duka kafin kaya su taso.

Maganar mazari gaskiya ce, shi ya sa tallan yake shiga kunne. Fiffikensa yana da wani siririn maiƙo da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, ɗigon ruwa sai ya dunƙule ya gangara. Ƙwaron kadis kuma, wani ɗan ƙwaron bakin ruwa mai kama da ƙaramin malam-buɗe-littafi, gashi ne ya rufe nasa fukafukan, har macen wasu nau'o'in takan nutse ta yi ƙwai da 'yar iska maƙale a jikinta tana sheƙi.

To amma me ƙwaron nutso zai yi da wannan baiwa? Aikinsa ya sha ruwa ya yi ƙasa, kifi ya ɗauka ƙwaro ne da ruwa ya ci ko wanda yake tasowa zai ƙyanƙyashe. Don haka ake ɗaura shi da gashi mai laushi, na kaza ko na makwarwa, wanda ke buɗewa yana rufewa cikin igiyar ruwa. Gashin wuyan zakara mai tauri, wannan na ƙwaron saman ruwa ne. Duk mai ce maka na nutsonsa ba ya jiƙewa, ko dai bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, ko kuwa ya raina maka hankali.

Hotunan ma galibi na wasu masu ɗaura ƙwarin ne aka kwaso. Idan kayan sun iso (ba kullum suke isowa ba), za ka ga zaren kan ƙwaron yana warwarewa da ka kankare shi da farce, rini yana zuba a farin ƙyalle, ƙugiyar tana miƙewa tsakanin yatsu.

Kafin ka biya, ka ce su ɗauki bidiyo: su jiƙa ƙwaron, su sake shi a kofin gilashi mai ruwa ka ga ko zai nutse, da sunanka rubuce a takarda a gefe. Ka tambayi gashin wane tsuntsu ne, ƙugiyar wane kamfani ce. Suka fara kame-kame ko "saura kaɗan ya ƙare", ka kai ƙarar shafin, ka kuma ajiye hoton hirarku.