Gidan kallon da ya haska mana fainal ɗin Roland Garros

Masu tambaya ina ake samun kallon tanis a gari ba ƙwallo kaɗai ba, akwai wani gidan kallo a bayan kasuwar unguwarmu, ni dai na ba shi huɗu cikin biyar. Talabijin biyu gare shi, babba ta ƴan ƙwallo ce, ƙaramar kuma in kun kai ku biyar ko shida kuka yi magana da mai wajen zai kamo muku tashar da kuke so, kuɗin shiga daidai da na ƙwallo ba ƙari.

Inda ya burge ni shi ne ranar 8 ga Yunin 2025, ana tsaka da hidimar babbar sallah, fainal ɗin Roland Garros, babbar gasar tanis da ake yi a Paris, tsakanin Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya da Jannik Sinner ɗan Italiya. Wasan nan awa 5 da minti 29 aka yi ana bugawa, fainal mafi tsawo a tarihin gasar, wanda ya riƙe tarihin a da na 1982 ne, Wilander da Vilas, awa 4 da minti 42. To duk tsawon nan hoto bai ɗauke ba ko sau ɗaya, an ɗauke wuta amma sola gare shi sai fanka ce kawai ta rage gudu. Da a janareta ne wlh da tuni an ce mu ƙaro kuɗin mai.

Sinner ya ci set (wato zagayen wasa) biyu na farko, a na huɗu yana gaba 5-3 kuma maki ɗaya ya rage masa ya ɗau kofi har sau uku a jere, wani dattijo kusa da ni har ya saka takalminsa zai tafi, sai yaron nan Alcaraz ya kwashe duka ukun ya dawo da wasan ɗanye. Baba ya cire takalmi ya koma ya zauna bai ce ma kowa komai ba. Kuma hoton tas yake, kana ganin jar ƙasar filin tana tashi in sun ja ƙafa, har tambarin sawun gwarzon tanis Nadal da aka kafa gefen raga saboda kofunansa 14 na wannan gasar an nuno mana, wanda gaskiya ban ga mai kamo wannan ba nan kusa, Borg ma da ake ji da shi 6 ya tsaya.

Matsalata biyu. Bencin katako ne ba abin jingina, mai kallon minti 90 ba zai damu ba amma mu da muka yi La'asar da Magariba a wajen bayanmu ya gaya mana. Sai kuma wajen ƙarfe takwas da ƴan ƙwallo suka cika ɗakin don fainal ɗin Sifaniya da Portugal, aka rage mana murya gabaɗaya, dai dai lokacin da ake raba gardamar ƙarshe da Alcaraz ya cinye 10-2, wasu ma suna ta ihu a canja tasha. Mai wajen dai ya tsaya mana, ya ce "Malam sun biya kuɗinsu, sai sun gama."

In za ku je ku tafi da matashi ko darduma ta zama, kuma ku yi wa mai wajen magana tun da safe musamman in ranar akwai Firimiya.