Ɗan littafin waƙoƙin barkwanci da ya karɓe mana hirar dare

Duk mai yara 'yan shekara 5 zuwa 10 ya nemi irin wannan ɗan littafin ya ajiye a gida. Nawa na same shi ne a layin masu littattafai na Sabon Gari a Kano, a tsakiyar littattafan firamare. Siriri ne, mai bango ruwan ɗorawa, kuɗinsa bai kai na katan ɗin taliya ba balle a yi ta tunani.

Waƙoƙin gajeru ne, yawancinsu ƙwar biyu, wato layi biyu-biyu a kowane baiti, baiti biyar ko shida an gama. Amsa-amonsu a fili yake, shi ya sa ko autata da ba ta iya karatu ba takan riga ni faɗin ƙarshen ɗango. Akwai ta akuyar da ta cinye allon almajiri, da ta wani Gizo da ya je biki da babbar rigar aro, sai kuma wadda ta fi kashe mu da dariya, ta yaron da ya ɓoye tuwo a hula. Barkwancin mai tsabta ne, babu zagi, babu yi wa mai lalura dariya. Wannan na fara dubawa tun a shago kafin in biya.

Amma fa ba littafin da za a miƙa wa yaro a ce je ka karanta ba ne. Idan aka karanta shi a zuci, lami ne. Sai an ɗaga murya, ɗaya na bayarwa saura na amshi da tafi, kamar yadda 'yan mata ke yi a dandali wajen gaɗa. Mu bayan sallar isha'i muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Abban yara ne ke yin muryar Gizo da tsamin bakinsa, mutumin da a da in ya dawo daga kasuwa sai rediyo kawai.

Abin da ban yi zato ba shi ne yadda littafin ya zaburar da Hajiya, surukata. Tana jin karin sai ta fara jawo nata na ƙuruciya, na tashe da ake farawa idan azumi ya kai kwana 10, tana ba yaran labarin Nalako, Sarkin Gwagware, da yadda yake bin gwagware da tsokana a Kano. Yanzu rabin hirar daga littafi ne, rabi daga bakinta, kuma nata sun fi daɗi.

Inda ya gaza: takardar ba ta da kauri, fil biyu ne kawai suka riƙe ta, tsakiyar ta riga ta fita sai da na ɗinke da zare. Hotunan baƙi da fari ne. Abin da ya fi damuna, a shafuka da dama an bar ƙ, ɗ da ɓ babu lanƙwasa, alhali masu koyon karatu aka yi wa littafin. Da biro na bi na gyara. Akwai kuma waƙoƙi biyu a ƙarshe da karinsu ke ɗingishi, mukan tsallake su.

Duk da haka zan sake saye. Na ma ce wa mai shagon ya ajiye min wani, zan aika wa ƙanwata a Zariya.