Porsche 996: motar da ta raba kan masoya

A shekarar 1997 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da samfurin 996, wato ta farko a jerin motocinsa masu gudu na 911 da ruwa ke sanyaya injinta maimakon iska, kuma nan take kan masoyanta ya rabu. 'Yan gani-kashe-nin tsohon inji sun ce amon da suka saba ji ya tafi, suka kuma riƙa kamanta fitilunta na gaba da soyayyen ƙwai. A ganina an ƙware ta, domin ta fi 993, wato samfurin 911 da ya gabace ta, yalwar ciki da ƙarfin inji, ga shi ta hannu ta fi sauƙin kuɗi. Sai dai ya kamata mai saye ya sa makanike ya duba boris ɗin IMS (wani sandan ƙarfe mai juyawa a cikin injin) tukuna, domin a nan raunin injin yake.