Sharhi: Kwana uku a tanti a bakin tekun Badagiri

Tsarin da wani kamfanin yawon buɗe ido ya sayar shi ne kwana uku a tanti a bakin teku, yini ɗaya na zaga wuraren tarihi, sauran kuma hutu. Zuwa Legas daga Sakkwato nauyin matafiyi ne, su daga Legas suke ɗauka. Hanyar Legas zuwa Badagiri ba ta da tsawo a taswira, amma cunkoso kan cinye rabin yini, don haka a bar Legas da an sallame asuba.

Ɓangaren tarihi ya biya kuɗinsa. An fara da gidan benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira benen farko a Najeriya, sai gidan tarihin da ke tsohon ofishin Di'o na 1863, sannan kurkukun bayi na Seriki Abass mai ɗakuna 40, ƙanana, kowanne da 'yar taga guda. Daga nan aka haye da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, aka taka cikin yashi kamar minti 20 zuwa inda ake loda bayi a jirgi, wurin da ake cewa daga nan ba dawowa. A sa takalmi mai rufi, silifa nutsewa take yi, kuma kada a shiga kwale-kwalen sai an raba rigar ceto. Abin da ɗan jagoran ya tsallake, alhali shi ya fi shafar Basakkwace: daga Badagirin nan Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kilafatan (Clapperton), ya kamo hanya a ƙarshen 1825 zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a kusa da Sakkwato ya rasu a 1827.

Tantin ne inda aka samu matsala. Siraran turakun ƙarfen da ke zuwa cikin jakarsa na ƙasa mai tauri ne. A yashi, iskar la'asar ta farko ke tuge su. Abin da ke riƙewa shi ne turke mai tsawon kamu biyu, a kafa shi a karkace yana bai wa tantin baya, ko a cika buhu da yashi, a ɗaura masa igiya, a binne shi kamu ɗaya da rabi. Kusurwa huɗu da igiyoyin gefe huɗu, buhu takwas ke nan ga kowane tanti. Tantin da aka rubuta na mutum huɗu kuwa, mutum biyu da kayansu yake ɗauka.

Wurin kafawa ma sai an lura. Teku na cika ta janye sau biyu a kwana guda, kuma tana barin layin ciyayi da tarkace a iyakar inda ta kai. A kafa can bayan layin, amma ba ƙarƙashin bishiyar kwakwa ba, don kwakwa ba ta sallama idan za ta faɗo. Ƙofa ta kauce wa inda iska ke fitowa, in ba haka ba da yashi za a ci abinci.

Wanda ya saba da busasshiyar iskar Sakkwato, danshin can zai ba shi mamaki. Idan an rufe tagogi ruf, numfashi da raɓa na taruwa a rufin, kafin asuba yana ɗiga kan shimfiɗa. A bar tagogin raga a buɗe, a ja rufin sama kada ya taɓa na ciki. Kilishi ya yi laushi a kwana biyu in ba a cikin leda mai zif yake ba, fura kuwa ba a ma maganarta. Sauro daga tafkin da ke tsakanin gari da teku yake tasowa da magariba, man sauro ya zama dole.

Ruwan daɗi da aka tanada bai isa ba. A lissafa lita 4 ta sha ga mutum guda kullum, ban da na wanka, domin sabulu ba ya kumfa a ruwan gishiri. Alwala da ruwan teku ta halatta. Alƙibla: teku na kudu, a sa ta a hannun dama, a ɗan karkata hagu.

Ninƙaya kam a haƙura. Iya ruwan gulbin Rima ba ya aiki a nan, akwai jan ruwa ta ƙasa da ke kwashe mutum daga inda ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma ba mai ceto a wurin. Iyakar idon sawu ya wadatar, yara kuma a hannu.

Ranar hutun ita ta fi daɗi: tabarma a inuwar rumfa, gasasshen kifi, ruwan kwakwa. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a kauce wa Yuni da Yuli lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi. Kafin a biya kuɗi a tambayi irin turakun da za a bayar, da inda banɗaki yake.